Rarar da Umma Ta Bari a Siket Ɗina

Kafin ku fara yi min wa'azi a ƙasan wannan rubutu, ku bari in kai aya tukuna. Wa'azin na san shi, na haddace shi, ni ma na sha yi wa wasu a lokacin da nake ganin ƙafata ba za ta taɓa zamewa ba. Yau mai saurare nake nema, don a gidanmu babu wanda zan iya buɗe wa baki, a wurin aiki kuwa bango ma kunne gare shi.

Ina da ciki, kuma ba ni da aure. To, na faɗa. Mai tashi ya tashi, mai zama ya gyara zama.

Ranar Talata da safe ina bayan labule ina kokawa da siket ɗin aiki. Na ja numfashi, na shanye cikina, na ja zif, ya hau rabi ya ƙi gaba. Makonnin baya ma ya taɓa yi min haka, sai bayan an wanke shi ya dawo daidai, na ce yadin ne ya saki, har da hamdalata. Wannan karon ko gezau. Na lalubo fil na soke, na saki riga a kai.

"Ke, ba ki makara ba kuwa?" in ji Umma daga kan keken ɗinkinta.

"Yanzu zan fita, Umma."

"Shayinki ya huce."

"Zan sha a can."

"Kullum a can. Can ɗin nan dai ana dafa shayi mai daɗi."

Warin madara kawai nake ji, zuciyata na tashi, ga yawu ya cika min baki ban da inda zan zubar.

Umma tela ce. Kekenta na bakin taga a ɗakin waje, inda ni da ita da Auta muke kwana, ɗakin ciki kuma na Baba ne. A bangon da ke saman keken akwai hoton ƙanwarta, Umma Ƙarama, wadda ta rasu tun ina rarrafe. Ciwon ciki, haka aka ce mana. Kowa ya ga hoton sai ya ce ni na ɗauko ta, har wushiryar.

Umma na da wata ɗabi'a a ɗinki da masu kawo mata kaya suka gaji da ƙorafi a kai. Ba ta yanke yadi daidai jiki. Duk rigar da ta fito daga hannunta, in ka juya ta za ka tarar ta bar rarar yadi a cikin ɗinkin, ta kwantar da ita da dutsen guga. 'Yan mata su ce, "Umma, a matse mana sosai, a yanke wannan abin, yana mana tudu." Ita kuma ta ce, "Jiki ba dutse ba ne, yau nan gobe can. Ranar da kika buƙace ta za ki gode min." Tef ɗin awo na rataye a wuyanta kullum, amma da wuya ka ga ta ɗora shi a jikin mutum. Kallo ɗaya za ta yi miki ta ɗauki almakashi. In kin yi magana ta ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Yanzu ku auna ku gani, a gaban wannan matar nake ɓoye ciki.

Na leƙa ɗakin ciki. "Baba, na tafi."

"Allah Ya tsare, uwata. Ki duba min maganin nan, ya kusa ƙarewa."

"Zan taho da shi, Baba."

Baba direban babbar mota ne a da. Ciwon suga ya cinye masa ido, yau shekaru ke nan bai san rana ba sai dai ya ji zafinta. Tun da idon ya tafi kunnen ya ƙaru, allura in ta faɗi a ɗakin waje sai ya ce wa Umma ta duba ƙarƙashin keke. Maganinsa daga albashina yake fita. Makarantar Auta ma haka. Ɗinkin Umma cefane yake kawowa, shi ma ba kullum ba.

Ɗakunan nan biyu kuwa ba namu ba ne. Gidan Baffa ne, yayan Baba, shi ya ba mu su a can ƙurya ba haya. Mutumin kirki ne a wurin kyauta, amma yana da magana ɗaya da yake maimaitawa kamar karatu: gidansa ba a taɓa abin kunya a cikinsa ba. Bara 'yar wata bazawara da ke haya a ɗakin gaba ta yi ciki. Da idona na ga an fito musu da katifa da tukwane an jibge a ƙofar gida, ana yayyafi. Ni ce ma na riƙe wa matar Baffa lema tana kallo. Har na ce, "Ai maganinsu ke nan." Bakin nan nawa dai.

Ina aiki a wani babban kanti, irin mai kwanduna da firiza jere. Mu masu zama a kan na'urar kuɗi ba mu da suna a bakin Manaja, lambar kanta, wato teburin da muke zama, ita ce sunanmu. Ni ce Lamba Uku. Shi ke raba yadin yunifom kowa ta kai a ɗinka mata, amma da sharaɗi: siket ya zauna a jiki, riga kar ta yi buhu. Ya ce kwastoma da ido yake fara saye. Akwai kuma dokar da ba a rubuta a ko'ina ba amma kowa ta san ta. Ciki ba ya zama a kan kanta. Ko mai aure ce, ranar da ya lura ranar zai ce ta je ta huta, za a neme ta. Ba a taɓa neman kowa ba. A bakin ƙofa kuwa kullum akwai 'yan mata riƙe da takardunsu suna jiran wata ta tashi.

Da na shiga ranar, ya bi ni da kallo daga sama har ƙasa.

"Lamba Uku, abincin gidanku ya karɓe ki kwanan nan."

"Hutu ne, ranka ya daɗe."

"Wane hutu? Ni na ba ki?"

Ya yi dariya, na taya shi. Fil ɗin na sukata a ƙugu, ni kuma ina washe haƙora.

Da rana saƙo ya shigo wayata: "Canjina, ina baya wajen injina. Minti biyu."

Bari in gaya muku ko wane ne. Mai gyaran firij ne, shi ake kira in firizar kanti ta lalace, shi ya sa nake ce masa Mai Sanyi. Ranar da muka fara magana ruwa ya saya, na ce babu canji, na miƙa masa alewa. Washegari ya dawo ya ce ya zo karɓar canjinsa. Ya yi ta zuwa karɓar canjin nan har shekara uku. Yana da hannu mai kyau da murya mai taushi, in yana magana sai ki ji kamar duniya ba ta da gaggawa. Umma ta san shi, Baba na jin daɗin hirarsa ta injin mota. Maganar aure kuwa kullum tana nan tafe: bari ya kama ɗaki, bari ya buɗe shagon kansa, bari kaka ta yi. Ina son shi, ba zan yi muku ƙarya ba. Ko yanzu da nake jin haushinsa ina son shi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Na same shi a tsugune bayan kanti, inda injinan sanyi ke ruri. Wajen ya dace da sirri, don ko kai ba ka jin kanka sosai.

"Canjina, kin rame."

"Ramar ce ta hana zif ɗina rufuwa?"

Ya sunkuyar da kai. Sai na lura wayar da ke hannunsa ƙarama ce, mai madannai. Babbar, wadda yake ji da ita kamar ƙwai, babu ita.

"Ina wayarka?"

"Na sayar. Na samo mana hanya. Wani abokina ya ba ni lambar wata Sista, ya ce hannunta na da kyau, kuma ba ta da tsada. Wankin ciki ne kawai, kafin ki ce me an gama."

"Wankin ciki. Sai ka ce wake na ci ya ɓata min ciki."

"To me kike so in kira shi?"

"Ba suna nake so ka sa masa ba. So nake ka ce min za ka turo manyanka."

"In turo su da me? Kin san inda nake kwana. Mu uku a shagon maigidana, katifa a tsakanin matattun firij. Can zan kai ki? Kuma ko na turo, wa zai ɗaura aure a kan ciki? Tsohuwata in ta ji, har ki mutu ba ki da daraja a gidanmu. Ke nake karewa, wallahi."

"Sannu da kariya."

"Kar ki yi min haka. A gama wannan, in sha Allah kafin shekara ta zagayo kina ɗakina. Mu haifi goma ma in kina so."

Ya cusa min kuɗin wayar cikin jaka. Na kalle shi, na ga tsoro ne fal idonsa, ba mugunta ba. Sai dai tsoron nasa a tsaye zai yi shi, da rigarsa a jikinsa. Ni ce zan kwanta.

Na san wata a cikinku ta riga ta fara rubuta, "Me ya hana ki zuwa asibiti?" 'Yar uwa, na je. Tun kafin abin ya faru ma na taɓa zuwa sashen da ake ba mata shawarar tazarar haihuwa, na tsaya a layi ina rufe fuska. Matar da ke kan tebur ta dubi yatsuna, ta dubi fuskata, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kina da aure? Je ki taho da mijinki." Na fito kamar ƙasa ta tsage in shige. Da abin ya faru na koma babban asibiti, ban ma kai ga likita ba na hango maƙwabciyarmu da tsintsiya a hannu, ashe can take shara. Ta ce, "A'a, wa ba shi da lafiya?" Na ce katin Baba na zo sabuntawa. Daga nan na tafi wani asibitin kuɗi can nesa da unguwarmu. Likitan ya saurare ni da mutunci, ya ce su ba sa yi. Da zan fita wani ma'aikaci ya biyo ni ya raɗa min cewa akwai inda ake yi da tsabta, da ƙwararren likita, ya faɗi kuɗin. Dariya ce ta kufce min. 'Ya'yan masu hali ma suna zamewa, sai dai su a kan katifa suke faɗuwa.

Laraba ce ranar hutuna. Na ce wa Umma zan je duba wata abokiyar aiki, na sa doguwar riga mara ƙugu da babban mayafi, na bi kwatancen da Mai Sanyi ya turo.

Shagon gyaran gashi ne. Madubai, hotunan kitso a bango, ƙamshin man gashi da ƙaurin gashin da aka ƙona. Na ce wa mai shagon wurin Sista na zo. Ba ta ɗago ba, ta nuna min wata ƙofa da tsinken kitso. Bayan ƙofar wani siririn lungu ne da benci. Mutum biyu na tarar. Ɗaya yarinya ce, ta rufa da mayafin manya amma safar makaranta na ƙafarta. Ɗayar babba ce, da goyo a bayanta.

Mai goyon ta matsa min. Sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Nawa biyar. Wannan ko yaye shi ban yi ba. Maigidan ya fi shekara ba aiki." Ta gyara goyon. "Da aurena da komai, kin gan ni nan."

Aka kira yarinyar ta shiga. Ƙofar na rufuwa sai na ji an kunna injin busar da gashi a shago, babban nan mai ƙara kamar jirgi. Na leƙa ta kafar ƙofa. Babu kowa a ƙarƙashinsa, kujerar wayam. Na dubi mai goyon, ta kawar da kai ta fara jijjiga ɗanta alhali ba kuka yake ba. A nan na gane ana kunna injin ne don ya danne ihun wadda ke ciki.

Da aka kashe injin, yarinyar ta fito tana dafa bango, leɓenta fari fat. Ba wanda ya zo da ita, ba wanda ya tafi da ita.

Sista ta leƙo ta yafito ni. Farar riga ce a jikinta, da tabon biro a aljihu, farcenta dogaye sun sha jan fenti. Ɗakin bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Gado mai shimfiɗar leda, baho a ƙasa an rufe shi da tsumma, butar dafa ruwa, sai wani faranti da ta ja zane ta rufe da ta ga ina kallo. Tagar an toshe ta da kwali. Babu takarda ko ɗaya a bango da ke nuna inda ta yi karatu.

Ta danna min mara da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da waya.

"Ya ɗan yi ƙwari. Ku 'yan matan nan me ke sa ku zauna sai abu ya yi nisa?"

"Akwai haɗari ne?"

"Haihuwa ma akwai haɗari, ƙanwata. Tsallaka titi ma haka. Gobe da sassafe ki zo, kar ki ci komai. Ki taho da tsohon zane. Ke kaɗai, ban son rakiya." Ta buɗe min ƙofa. "Kuma kina fita nan, ba ki san ni ba, ban san ki ba. In kin ga jini ya yi yawa, ki je asibiti ki ce musu ɓari kika yi."

A hanyar dawowa na sauka daga mota tun kafin unguwarmu, na zauna a wata baranda na kira Rediyo. Ita ce Lamba Biyar a da. Mun sa mata Rediyo ne don bakinta ba ya hutawa, ko kuɗi take ƙirgawa tana ba da labari. Watannin baya ta yanke jiki ta faɗi a kan kanta, jini har ƙasa. Aka kwashe ta zuwa asibiti, Manaja ya sa aka goge wajen, kafin la'asar wata ta hau kujerarta. An ce mana ɓari ne, ko da yake ba wanda ya san ta da miji, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Na gaya mata komai. Ta saurara har na gama.

"Shagon da ake kunna injin gashi ba kowa a ciki?" ta ce.

Na ce shi ne.

"Ni ma wankin ciki aka ce min. An wanke kam, har da abin da ban ce a wanke ba. Likitan da ya ceto ni ya ce in cire rai da haihuwa. Wanda ya kai ni ɗin ma an sa masa rana da wata. Kar ki je, Uku."

"To in yi yaya? In na bar shi, aiki ya tafi. Aiki ya tafi, maganin Baba ya tafi. Baffa ya ji, katifarmu na titi. Ke gaya min, ina zan je?"

Rediyo, wadda ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ta yi shiru har na duba ko layin ya yanke.

"Ban sani ba," ta ce. "Wallahi ban sani ba. Ni dai na ce kar ki je."

Gaba kura, baya sayaki. Na zauna a barandar nan ina kallon mutane na wucewa da ledojinsu, kowa na da inda za shi. Abin da ban gaya wa Mai Sanyi ba, ban gaya wa Rediyo ba, ku zan gaya wa: wani lokacin in ina kan kanta, ba layi, sai in tsinci hannuna a kan marata, ba ni na kai shi ba. Ban san ko so ne ba. Ban ma ba kaina damar tambaya ba, don wanda ba shi da zaɓi me zai yi da sanin abin da yake so?

Da na isa gida na tarar Umma ta wanke yunifom ɗina, yana kan igiya. Na yanke shawara a raina ina kallonsa yana ɗiga. Zan je. Rediyo ta faɗi, amma ai wasu sun tashi. Haka na yi ta gaya wa kaina.

Alhamis da sassafe Auta ta tafi makaranta. Na naɗe wani tsohon zane na tura can ƙasan jaka. Dabarata in sa yunifom kamar aiki za ni, in na fita in kira Manaja in ce zazzaɓi ya kwantar da ni. Kayan na kan ƙusa, an goge su, har da karin guga. Na shiga bayan labule, na riƙe fil a baki, na ja numfashi, na ja zif.

Ya tafi sumul har sama.

Na tsaya. Na saki numfashin, siket ɗin bai matse ni ba, har yatsa na iya sakawa a ƙugu. Shekaranjiyan nan wannan siket ɗin ya ƙi ni. Yadi ba ya saki haka a kwana biyu, ko wawa ya sani.

Na cire shi na juya cikinsa. Ga layin ɗinki sabo a gefe da gefe, da zaren da ya ɗan fi na asali duhu. Kusa da shi ga ƙananan hujojin allura a jere, inda tsohon ɗinkin yake kafin a farke. Na matsa kusa da hasken taga. Layin hujojin biyu ne, ba ɗaya ba. Wato wancan karon ma da na yi hamdala na ce yadi ya saki, ba yadi ba ne. Rarar kuwa, wadda Umma ke kwantarwa da dutsen guga, babu sauranta, ɗinkin ya kai bakin yadi.

Na mayar da siket ɗin, na ɗaga labule.

Umma na kan keke, ta ba ni baya, tana ɗinka hannun wata riga. Ba ta juyo ba.

"Ya zauna?" ta ce.

"Ya zauna, Umma."

"To. Rarar da na bari ke nan, ta ƙare. Daga wannan babu wata."

Keken ya ci gaba da tafiya. Na ɗauki jakata, na nufi ƙofa a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai.

"Ba ki sha shayi ba."

"Zan sha a..."

"Ko an ce kar ki ci komai?"

Keken ya tsaya. Ni ma na tsaya, hannuna a kan mariƙin ƙofa.

"Tsohon zanena mai ruwan ƙasa ba ya cikin kwando," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Na san abin da ake zuwa yi da tsohon zane da sassafe ba a karya ba."

Ta ɗaga kai, ba ni ta kalla ba, hoton da ke bango ta kalla.

"Ita ma ni na buɗa mata riga. Sau biyu, kamar ke. Na gani tun kafin ita ta gani. Kunya ta hana ni magana, na ce in na buɗa mata rigar za ta gane na sani, za ta zo ta same ni. Ita kuma tana jiran in fara. Ina jira tana jira, har ranar da ta ɗauki zane ta ce min za ta kasuwa." Ta cire tef ɗin daga wuyanta ta ajiye a kan keke. "Ɗinki na uku da na yi mata likkafani ne. Muka ce wa mutane ciwon ciki."

Ban san lokacin da jakar ta faɗi daga kafaɗata ba. Tun ina yarinya nake goge ƙurar hoton nan, ban taɓa tambayar wane irin ciwon ciki ne ke kashe budurwa a yini ɗaya ba.

Umma ta tashi. Ba ta mare ni ba, ba ta zage ni ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta zo ta tsaya tsakanina da ƙofa, ta jingina bayanta da ita. Sai a lokacin na ga idonta sun kumbura, na wanda ya daɗe yana kuka a ɓoye.

"Na yi shiru sau ɗaya, na ga abin da shiru ya saya min. Ba zan ɗinka na biyu ba. Babu inda za ki."

"Umma, Manaja fa? Wata mai zuwa ko buhu na sa sai ya gani. Maganin Baba fa? Auta fa? In Baffa ya ji, ina za mu kai Baba, a titi za mu kwantar da shi?"

Hawaye kawai ke bin fuskarta, amma ba ta matsa daga ƙofar ba.

Wayata ta yi ƙara a ƙasa inda jakar ta zube. Daga tsaye ina iya karanta saƙon: "Canjina kin fito? Sista ta ce ki yi sauri kafin mutane su taru."

Sai muka ji tari daga ɗakin ciki. Mun manta da shi, mu biyun, mun ɗauka ya koma barci bayan asuba.

"Idona ne ya mutu," in ji Baba, a hankali, "kunnena na nan."

Ni da Umma muka juya muka dubi ɗakin ciki.

"Uwata, ki sa wa ƙofar waje sakata, kar maganarmu ta kai wurin Yaya. Sannan ku shigo, ku biyun."

Na sa sakatar. Umma ta kama hannuna. Wayar ta fara ringi a ƙasa, muka tsallake ta, muka ɗaga labulen Baba.